YADDA A KE CIRE FENTI DAGA KAYAN INJI NA ALMINIYAM BA TARE DA ƁATA ƘARFEN BA

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1976, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birninta, garin ya yi ta faɗaɗa, unguwannin da a dā su ke gefen gari suka cika da jama'a. Fadikpe tana ɗaya daga cikinsu. A can, kamar yadda ya ke a Kpakungu da Bosso da Tunga, da wuya mutum ya yi 'yar tafiya bai ga rumfar mai gyaran babur ko Keke Napep ko janareta ba, ko kuwa garejin mota a gindin itace. Magidanta da yawa da waɗannan injuna su ke ci da iyalinsu. Ran da injin ya kwanta, ran nan cefane ya ragu.

Yawancin kayan waɗannan injuna na alminiyam ne, kuma sau da yawa a kan bukaci cire fentin da ke jikinsu. An lura cewa a wajen wannan aiki, wanda mutane su ke raina shi, a ke yin asarar kaya masu tsada, wani lokaci har da asarar lafiya. Dalili kuwa ɗaya ne: a kan ɗauki alminiyam kamar baƙin ƙarfe, a yi masa abin da a ke yi wa baƙin ƙarfe. An shirya wannan ƙasida domin makanikai, da masu fenti, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu, da kuma masu injunan, don kada garin gyaran gira a rasa ido.

Abin da ya sa a ke cire fenti

Dalilai huɗu ne manya. Na farko, don a duba lafiyar ƙarfe. Kayan gwanjo da a ke shigowa da su daga ƙasashen waje, waɗanda a ke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, a kan fesa wa wasunsu fenti mai ruwan azurfa don su yi kama da sababbi. Fenti kuwa ya kan rufe tsaga, ya rufe wurin da aka taɓa yi wa walda ko aka cike da gam. Na biyu, don a yi walda, domin walda ba ta kama alminiyam sai wurin ya fita tas. Na uku, don injin ya sha iska. Haƙarƙarin nan da ke jikin silindar babur da janareta an yi su ne don su fitar da zafi, in aka yi ta lafta musu fenti bisa fenti, zafin ba ya fita yadda ya kamata. Na huɗu, don a sake sabon fenti, domin sabo ba ya zama a kan tsohon da ya fara ɓarewa.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, kuma fentin kamfani yana nan da ƙarfinsa, abin da ya fi shi ne a wanke shi kawai a bar shi.

Halin alminiyam

Alminiyam shi ne farin ƙarfen nan marar nauyi wanda wasu su ke kira sanholo, wasu goran ruwa. Masu tukwane su kan ce masa dalma, amma ya kamata a bambanta, domin dalma ta ainihi, watau wadda ke cikin batirin mota, ƙarfe ce dabam mai nauyi mai guba, kuma za a yi maganarta nan gaba.

Sai a shekarar 1886 aka gano hanyar fitar da alminiyam da wutar lantarki cikin araha. Mutum biyu ne suka gano ta a shekara ɗaya, kowa a ƙasarsa: Charles Hall a Amurka, da Paul Héroult a Faransa. Masu ƙera injuna suka karɓe shi saboda abu biyu. Nauyinsa kamar sulusin na baƙin ƙarfe ne, kuma yana kwashe zafi kamar sau uku fiye da shi. Motar Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, gangar injinta baƙin ƙarfe ce, amma kan injin, watau abin da makanikai su ke kira tof silinda, na alminiyam ne. A yau kuwa har gangar injin motoci da yawa ta alminiyam ce, haka kwanson giya, da murfin kuloci, da fistin, da lagireto.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi, sai wata 'yar fata ta fito a bisansa, siririya ƙwarai wadda ido ba ya gani, ita ce ke tsare shi. In an karce ta, ta kan sake fitowa da kanta nan take. Amma fa wannan fata tana da iyaka. Ba ta jure ruwa mai kaifin soda, ba ta jure asid mai ƙarfi. A ma'aunin da masana su ke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, fatar tana zama lafiya ne tsakanin wajen 4 da 9 kaɗai. Ban da wannan, alminiyam ya fi baƙin ƙarfe taushi nesa ba kusa ba, kuma zallansa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Santigired, alhali baƙin ƙarfe sai ya wuce digiri 1,500. Wanda a ke zuba kayan inji da shi ma gauraye ya ke da wasu ma'adinai, ya kan fara narkewa tun wajen digiri 580.

Duk wanda ya riƙe waɗannan halaye uku, watau rashin jure soda da asid, da taushi, da rashin jure wuta, ya riga ya san rabin aikin.

A fara tabbatar da irin ƙarfen

Kafin a taɓa kome, a gwada ƙarfen da maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, ba lalle ne a ce alminiyam ne ba, domin akwai fararen ƙarafa biyu masu kama da shi. Ɗaya shi ne maganiziyam, wanda ya fi alminiyam rashin nauyi. Da shi aka zuba kwanson injin tsohuwar Volkswagen Beetle, haka kuma murafan wasu babura. Gwajinsa mai sauƙi ne: a karce ɗan wuri a ɓoye, a ɗiga ruwan khal. In ya yi kumfa, maganiziyam ne. Alminiyam ba ya yi. Garin maganiziyam yana kama wuta, kuma ruwa ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi ya ke yi, sai dai a rufe ta da busasshen yashi. Ɗayan kuwa gamin tutiya ne, wanda a ke zuba kabureta da yawa da shi. A kan gane shi da nauyi, domin ya ninka alminiyam fiye da sau biyu.

Haka kuma akwai kayan alminiyam masu launi wanda ba fenti ba ne, rini ne da aka shigar cikin fatar ƙarfen da lantarki tun a masana'anta. Maganin cire fenti ba ya ɗaga shi. In an ga haka a bar shi, domin wannan fata ta fi kowane fenti tsaro.

Abubuwa huɗu da ke hallaka alminiyam

Na farko: kostik soda da asid. Kostik soda ita ce wadda mata masu yin sabulu su ke saye a kasuwa. Tana cire fenti da maiƙo daga baƙin ƙarfe sarai ba tare da ta ci shi ba, shi ya sa makanikai suka saba da ita tun zamanin da kusan dukan inji baƙin ƙarfe ne. A jikin alminiyam kuwa, sai ta narkar da fatar nan, sa'an nan ta shiga cin ƙarfen kansa. Ruwan ya kan yi zafi, ya yi ta tafasa ba wuta, mai koyo ya zaci datti ne ke fita, alhali ƙarfen ne ke narkewa. In aka ciro kayan sai a ga ya yi baƙi ya yi ramuka ramuka kamar zanzana. Zaren da noti ke kamawa ya kan cinye, mazaunin boris ya yi faɗi, fuskar da gasket ke zama ta lalace. Kumfar da ke tashi kuwa iskar haidurojin ce. Kowane giram ɗaya na alminiyam da soda ta cinye ya kan fitar da fiye da lita ɗaya ta wannan iska, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin walda ko ƙyastu ya isa ya tayar da gobara. Saboda haka a duba jikin kowane gwangwani. In an ga haruffan NaOH ko KOH, ba na alminiyam ba ne. Ruwan toka da na kanwa su ma dangin soda ne, ko da ya ke ba su kai ta kaifi ba. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil da bayan gida su ma kada su kusanci wurin.

Na biyu: wuta. A kan ƙone fenti daga baƙin ƙarfe da wutar gas ko da tsumma da fetur. Baƙin ƙarfe yana yin gargaɗi, domin ya kan yi ja tun da sauran nisa kafin ya narke. Alminiyam ba ya yin gargaɗi: yana nan fari fat sai kawai a ga ya zube. Kuma da ya ke yana saurin kwashe zafi, fentin ba ya saurin kumbura, sai mai aiki ya yi ta ƙara wuta. Tun kafin a kai ga narkewa ma an yi ɓarna. Kan inji da fistin da yawa an gasa su a masana'anta a kan ƙayyadadden zafi don su yi tauri, in suka daɗe a zafin da ya wuce wajen digiri 200 taurin ya kan ragu, ba ya kuwa dawowa don sun huce. Zafi a gefe guda ya kan karkatar da kan inji. Ban da haka alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka mazaunan bawul da aka danna cikinsa su kan yi sako-sako.

Na uku: buroshin waya da ƙarfen kankara. Buroshin baƙin ƙarfe, musamman wanda a ke ɗaura wa injin gurza, yana yanka alminiyam, kuma yana barin ƙananan ɓurɓushinsa a cikin ƙarfen. In damina ta zo, wadda a Minna ta kan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, laima ta haɗa ƙarafan biyu, sai alminiyam da ke kewaye da ɓurɓushin ya yi ta ciwuwa, farin gari ya fito, sabon fenti ya kumbura. Soson ƙarfe na wanke tukunya haka ya ke yi. Cizal da bakin sukundireba kuwa su kan bar zane a fuskar gasket, kuma ta zane guda ɗaya mai ko ruwa ya kan sami hanya.

Na huɗu: fesa yashi. Yashin rafi da a ke fesawa da kwamfuresa ya fi alminiyam tauri, yana cinye kaifin gefuna yana faɗaɗa ramuka. Mafi muni, ƙwayoyinsa su kan maƙale a hanyoyin mai, ba su fita sai injin ya yi zafi, sa'an nan su bi mai su cinye metal da zoben fistin. Ƙurarsa kuma tana jawo ciwon huhu marar magani. Saboda wannan ciwo ne Ingila ta hana fesa yashi a kan kayan zubi tun wajen 1950.

A ɗauka mai Keke Napep ya kai kan injinsa don a wanke, aka jiƙa shi cikin soda aka bar shi ya kwana. Da safe ya fito ba fenti, aka ɗaura, injin ya tashi. Bayan 'yan kwanaki gasket ya ƙone, aka sake wani, shi ma ya ƙone. A ƙarshe sai sayen wani kan inji, ga kuɗin gasket biyu, ga kwanakin da keken ya yi a kwance alhali mai shi yana bin balas. Makanikin kuwa ya rasa abokin ciniki, ya rasa waɗanda abokin cinikin zai gaya wa.

Hanyar da ta dace, mataki mataki

1. A kwance kayan. A cire duk abin da ba alminiyam ba ne wanda ke ciruwa: oyilsil, da roba, da boris, da wayoyi, da tsohon gasket. Maganin cire fenti yana kumbura roba. A toshe ramukan mai da na noti da tsumma mai tsabta ko ɗan itace.

2. A wanke maiƙo. Magani ba ya ratsa baƙin mai. A wanke da kananzir da buroshin roba, sa'an nan da ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanuka, a ɗauraye, a shanya. Kada a yi amfani da fetur, domin tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da wuta a nesa.

3. A fara da mafi sauƙi. A jiƙa tsumma da tina ko asiton a goga a ɗan wuri. Fentin gwangwanin fesawa, irin wanda a ke yi wa kayan gwanjo, yawanci da wannan kaɗai ya ke fita. Tina da asiton ba su cin alminiyam, amma suna kama wuta, don haka a nisanci mai walda da mai shan taba.

4. In tina ta kasa, a nemi maganin cire fenti wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da alminiyam. Mafi sauƙin hatsari su ne masu benzil alkohol, irin waɗanda a ke cire fentin jiragen sama da su, jirgin sama kuwa galibin jikinsa alminiyam ne. A gwada a wuri ɓoyayye tukuna. In ƙarfen ya yi baƙi ko ya yi kumfa, a wanke nan da nan a bar wannan magani.

5. A shafa maganin da kauri, a bi gefe guda, kada a yi ta kai da kawowa da buroshi. Maganin yana aiki ne muddin yana da danshi. A lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska ta bushe kuma zafin Minna ya kan kusanci digiri 40, ya kan bushe kafin ya ratsa. Saboda haka a yi aikin da sassafe, a inuwa, inda iska ke kaɗawa, a rufe kayan da leda, a jira iyakar lokacin da aka rubuta a gwangwani.

6. Sa'ad da fentin ya yamutse, a kankare da roba mai tauri ko guntun katako da aka feƙe. A lunguna da tsakanin haƙarƙari a sa buroshin roba ko tsohon buroshin haƙori ko tsinken kara. Ƙa'ida ita ce abin kankara ya fi ƙarfen taushi. Fentin kamfani wanda aka gasa ba ya fita a karo ɗaya. A sake shafawa sau biyu ko uku, wannan ya fi a sa ƙarfi.

7. Ɗan abin da ya rage a bayan kaya a goge shi da samfefa mai laushi, lamba 400 ko sama, tare da ruwa. Kada samfefa ta taɓa fuskar gasket, ko mazaunin boris, ko cikin silinda.

8. A wanke da ruwa da sabulun ruwa, a ɗauraye sosai, a buɗe ramukan da aka toshe, a hura iska cikin kowace hanyar mai har sai ta bushe.

Makanikai sun san man birki yana ɗaga fenti, kuma wasu su kan jiƙa ƙananan kaya a cikinsa. Ba ya cin ƙarfen, amma yana da jinkiri, guba ne in yaro ya sha, kuma in ba a wanke shi sarai ba sabon fenti ba zai kama ba.

Inda kuwa kaya su ke da yawa kuma akwai kwamfuresa, a maimakon yashi a kan fesa abu mai taushi: garin ɓawon gyaɗar Turawa mai tauri, ko ƙwayoyin roba, ko bakin soda irin wadda a ke sa wa kek. Da bakin soda aka share tsohuwar kwalta daga cikin mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York a gyaran da aka gama a 1986, domin jan ƙarfen jikinsa siriri ne, ba zai jure yashi ba. Amfaninta shi ne ruwa yana narkar da ita, ba ta maƙalewa a hanyar mai. Amma lalle ne a gane cewa bakin soda dabam, kostik soda dabam. Suna ne kawai ya haɗa su.

Bincike bayan an cire fenti

Minna garin jirgin ƙasa ne, domin ta nan layin Baro zuwa Kano da aka gama a 1911 ya ratsa. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu gyaran jiragen ƙasa a Turai da Amurka, wadda ta dace da kowace rumfa. A shafa wa kayan kananzir a bar shi ya ratsa, a goge shi ya bushe, sa'an nan a shafa garin alli da aka dama da ɗan sifirit. In ya bushe a ɗan ƙwanƙwasa kayan da katako. Inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi a kan farin alli. Daga wannan dabara aka samo jan ruwan gwajin tsaga da masana'antu su ke amfani da shi a yau. A kan inji, a fi duba tsakanin bawul da bawul da kewayen ramin fulogi.

Sa'an nan a ɗora rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya a fuskar gasket, a tsaye da a kwance da a karkace, a gwada ratar da fila geji. Yawancin kamfanoni ba su yarda ratar ta wuce tsakanin milimita 0.05 da 0.1 ba, littafin kowane inji shi ke faɗin nasa. In ta wuce, sai a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe.

Sabon fenti

Fenti ba ya kama alminiyam tsirara yadda ya ke kama baƙin ƙarfe. Tilas ne a fara fesa ƙasan fenti na musamman wanda aka yi domin alminiyam, a ranar da aka gama wankewa, kuma kada a taɓa wurin da hannu mai maiƙo. Bisansa a fesa fentin inji mai jure zafi, shafi biyu sirara. Haƙarƙarin silinda a ba su shafi ɗaya siriri, ko a bar su haka nan. A rufe fuskar gasket da ramukan noti da inda wayar asi ke kamawa, don fenti kada ya hau su.

Kiyaye lafiya

Yawancin magungunan cire fenti masu saurin aiki suna ɗauke da metilin kulorayid, wanda a kan taƙaita da haruffan DCM. Ba ya cin alminiyam, mutum ya ke ci. Tururinsa ya fi iska nauyi, ya kan taru a ƙasa da cikin ramin gyaran mota, kuma in an shaƙe shi jiki ya kan mai da wani sashensa kabon monoksayid, watau gubar nan ta hayaƙin janareta. Ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. Tarayyar Turai ta yanke hukuncin hana sayar wa jama'a maganin fenti mai ɗauke da shi a 2009, Amurka ta hana a 2019, ta kuma faɗaɗa hanin a 2024. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, kuma yana ratsa siririyar safar hannu. In ba a sami wani ba, to a yi aikin a fili, iska tana bayan mai aiki, da tabarau da safar hannu mai kauri. Mai ciwon zuciya da mai ciki da ƙananan yara kada su kusanci wurin.

Hatsari na biyu yana cikin tsohon fentin kansa. Fenti da yawa, musamman rawaya da ja, an haɗa su da dalma. In an ƙone shi ko an gurje shi a bushe, dalmar ta kan shiga hayaƙi da ƙura, ta hau tufafi, ta bi mai aiki har gida. Mutanen Jihar Neja sun san abin da dalma ke yi. A 2015 yara 28 suka rasu a Shikira da ƙauyukan kewaye a Ƙaramar Hukumar Rafi, bayan fiye da 400 da suka rasu a Zamfara a 2010. Wancan daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a gida ta fito, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Saboda haka a goge fenti da danshi, a wanke hannu kafin cin abinci, a bar kayan aiki a wurin aiki.

In magani ya faɗa ido, a zuba ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti da gwangwanin. In wani ya ji jiri, a fitar da shi fili. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa.

Dattin da aka kankare kada a zuba shi a kwata. Gidaje da yawa a unguwannin Minna da rijiya su ke sha, abin da aka zubar a bakin rumfa kuwa ruwan sama ne ke kai shi ƙasa da rafuka. A tara shi a gwangwani mai murfi, a bar shi ya bushe, kada a ƙone shi. Gwangwanin magani a huda shi don kada wani ya ɗebi ruwan sha da shi. Hukumar NESREA, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2007, ita ke lura da dokokin muhalli, a kan kuma nemi shawarar jami'anta ko na hukumar muhalli ta jiha a kan inda za a kai irin wannan shara.

Nauyin da ke kan kowa

Maigidan gareji shi ne malami, abin da yaro ya ga yana yi shi zai yi har tsufansa. Ya kamata ya ware bokiti da buroshi na alminiyam dabam, ya ajiye soda inda mai koyo ba zai ɗauka da kuskure ba, ya kuma bayyana wa yaransa dalili, domin yaron da ya san dalili ba ya mantawa. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai za su taimaka ƙwarai in suka riƙa tayar da wannan magana a tarurrukansu, suna neman ƙarin haske daga malaman injiniya na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983.

Mai inji kuma yana da nasa. Ya tambayi makaniki da me zai cire fentin, kuma kada ya matsa masa lamba a gama cikin sa'a guda, domin gaggawar mai kaya ita ce ta kan tura makaniki ga wuta da soda. Wanda zai sayi kan inji na gwanjo mai sabon fenti ya yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za a goge shi da tina a gwada shi da alli, in an sami tsaga a mayar masa da kuɗinsa. Aikin da aka bi a hankali ya kan ci yini ɗaya da gwangwanin magani ɗaya. Kuɗin wannan kuwa bai kai ko kusa da kuɗin sabon kan inji ba.